Ku Cire Sunan Ɗana Daga Gardamar Jifan Nesa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Wasanni na gidan rediyon da muke kamawa a nan Bagudo, da kuma Malam mai gabatar da shirin ƙwallon kwando na ranar Laraba bayan la'asar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da abokan aikinku. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya taimaka.

Sunana Hauwa'u, a Bagudo nake zaune. Ni ce matar da ta bugo waya Larabar da ta wuce, aka yi ta tambayarta wane ɗan wasa take nufi ta kasa faɗa, har aka katse ta aka yi dariya. Ni ce kuma na haifi mai lamba bakwai, mai raba ƙwallo a ƙungiyar nan mai shuɗiyar riga, wanda Allah ya karɓi ransa a tsakiyar wannan kakar wasa. Ya zo hutu gida, zazzaɓi ya kama shi, kafin mu farga ya tafi. Karatuna bai wuce firamare ba, in kun ga kuskure a rubutuna ku gyara da kanku. Na nemi a buga wannan takarda a fili ne domin a fili ake yi mana abin da ake yi mana.

Ga abin da ke tafe da ni.

Na ɗaya. Ban hana ku gardama ba. Na san ƙungiyar tana bakin shiga zagayen fitar da gwani, na san wasannin da suka rage ba su da yawa, kuma hankalin kowa a tashe yake. Ko ban so sani ba an sanar da ni, domin masu kabu-kabu, wato 'yan acaɓa, da ke tsayawa a gindin darbejiyar ƙofar gidana ba su da wata magana sai ita. Na ji ɓangare ɗaya na cewa a ci gaba da jifan nesa mai maki uku, ƙwallo na zuwa hannu a sake ta, tunda da haka aka ci wasanni a jere bayan Sallah. Na ji ɗaya ɓangaren na cewa wannan caca ce, ranar da hannu ya ƙi sai a yi ta dukan ƙarfe, gara a riƙe ƙwallo ta zaga hannuwa a kutsa ƙarƙashin kwando, ga dogon yaron nan yana tsaye kullum hannu a sama babu mai miƙa masa. Ni ban san wa ya fi gaskiya ba. Ban taɓa shiga filin wasa ba a rayuwata. Ku yi ta yi har Allah ya nuna muku.

Abin da ya gagare ni fahimta shi ne, me ya sa duk inda gardamar nan ta zagaya sai ta sauka a kan mutumin da ke kwance a maƙabarta?

Na biyu. Akwai mutum biyu da ba sa fashin bugo waya, kuma kun san su fiye da ni. Ɗaya yana kiran kansa Sarkin Jifa na Geza. Shi ne ya ce ɗana yana riƙe ƙwallo kamar tsohuwa da ƙullin goronta, sai an roƙa an gaji kafin ya kwance. Shi ne ya ce a lokacinsa mutum na iya zuwa ya sha shayi ya dawo ba a kai hari ɗaya ba. Makonni kaɗan da suka wuce kuma ya ce, Allah ya jiƙan marigayi amma gaskiya tun da ya kau harin ƙungiya ya samu iska. Ya kau, Malam. Kamar dutse aka janye daga hanya. Kuma na ji ka da kunnena ka yi dariya ka ce masa, Sarki yau ka zo da zafinka.

Ɗayan kuma mutumin garin Bahindi ne, wanda kuke kira Koci duk da ban ji an ce ya taɓa horar da kowa ba. Shi a ganinsa kare ɗana yake yi. Ba ya iya haɗa magana biyu bai sa sunan a tsakani ba. Da yana raye da tuni mun samu gurbi. Da yana raye da ba a zubar da wasan da aka zubar a kashi na ƙarshe ba. Da yana raye, da yana raye. Ina so in gaya wa wannan bawan Allah cewa na gode da ƙaunarsa, amma maganarsa ta fi ta mutumin Geza yi mana ciwo. Zagi mukan ji mu ce Allah ya shirya. Wannan kalma ta da yana raye kuwa ita ce muke ta fama mu hana zukatanmu faɗa tun ranar da aka fita da makara. Malaman da suka zo gaisuwa sun yi mana nasiha mu bar ta, muna ƙoƙari, sai a kawo mana ita har tsakar gida kowace Laraba.

Sannan mutumin Bahindin ya riƙa ɗora laifi a kan yaron da aka sa a gurbin ɗana, wai hannunsa na rawa, wai bai kai ya ɗauki takalmin marigayi ba. Wannan yaron ya zo Bagudo ranar jana'iza, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ya durƙusa a ƙofar ɗakina yana kuka har sai da ni na koma ina ba shi haƙuri. Shi ma uwa ce ta haife shi, kuma ina tsammani tana da rediyo.

Na uku. Zan yi muku bayanin abin da ya faru ranar Laraba, domin na ji an ce har yanzu ana maimaita shi a waya ana dariya.

Ɗana ɗan fari ne. Mu a nan, kuma na tabbata a gidajenku ma haka iyayenku suke, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta. Tun ranar suna ban taɓa furta shi ba. Yana ƙarami ina ce masa kai yaro, ya girma ina ce masa kai. In zan aika a kira shi sai in ce a kira mini wancan. Ranar da aka fara ambatonsa a rediyonku maƙwabta suka shigo da gudu suna yi mini murna, ni kuwa na ci gaba da tankaɗen garina kamar ban ji ba, sai da suka fita na shiga ɗaki na yi sujada. Haka aka rene mu. Shi ma ya sani, yakan tsokane ni ya ce Inna, in na ci kofi sai kin faɗi sunana a gaban mutane, in ce masa tashi ka ba ni wuri.

To ranar Laraba da abin ya ishe ni, na karɓi wayar maƙwabciyata, ta buga mini lambarku. Aka ɗauka, na yi sallama, na ce ina roƙon a daina sa yaron nan cikin gardama. Ka ce wane yaro? Na ce mai rasuwa. Ka ce Hajiya faɗi sunansa mana masu sauraro su sani, lokaci na tafiya. Na buɗe baki, wallahi Malam na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Abin da harshe bai taɓa yi ba shekara da shekaru ba ya fara yin sa don an ce lokaci na tafiya. Ka sake tambaya, na yi shiru. Sai ka ce da alama Hajiya shirin gaishe-gaishe take nema, sai ranar Juma'a, wanda ke kusa da kai ya fashe da dariya, aka katse ni aka sa Sarkin Jifa.

Ban ce ka yi da gangan ba. Ba ka san ko ni wace ce ba. Amma Bahaushe ne kai, ko ba haka ba? In tsohuwa ta ce maka yaron nan, ta ce mai rasuwa, sannan ta kasa kiran suna, me ya rage ba ta faɗa maka ba? Yaran da ke gindin darbejiya sun gane muryata nan take. Da na fito da yamma babu wanda ya iya ɗaga kai ya dube ni. Su da ba su yi karatun aikin rediyo ba.

Ko a wannan takarda ba zan rubuta sunan ba. Kun san shi. Kun fi ni kiran sa.

Na huɗu, kuma wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Da ni kaɗai ce da na haɗiye, na saba. Mahaifinsa ya riga shi tafiya da daɗewa, na san yadda ake zama da rashi. Amma ba ni kaɗai ba ce a gidan.

Ɗana ya bar mata, sunanta Zalika, 'yar Dandawa ce daga ƙetaren iyaka, can ɓangaren Benin. Ya bar ɗiya mace da ba ta isa shiga makaranta ba, sunana aka sa mata, muna kiran ta Ummi. Zalika tana cikin takaba a ɗakin mijinta. Ba ta fita, ba ta kwalliya, ba ta zuwa gidan kowa. Abin da ke ɗebe mata kewa rediyon da ya bari ne.

Za ku ce to a kashe rediyon mana. Na kashe. Na taɓa cire batir na ɓoye a cikin tukunya. Sai ga shirin yana shigowa ta saman katanga daga teburin mai shayi, ga shi a wayoyin masu kabu-kabu, in an gama kuma su ɗora nasu a kai har magariba. Daga baya Zalika ta same ni ta durƙusa ta ce Inna, don Allah ki mayar mini da batir. Ta tuna mini cewa a makon rasuwar kun sako tsohuwar hirar da kuka yi da shi, ta ji muryarsa yana dariya. Tun daga ranar take zama kowace Laraba ta ɗora rediyon a cinya ko za ku sake sakowa. Ba ku sake ba. Abin da take samu shi ne tsohuwa da ƙullin goro, da kuma da yana raye.

Hausarta ba ta nuna sosai ba, wani lokaci ba ta gane habaicin, sai ta juyo ta tambaye ni me mutumin Geza yake nufi. Ku gaya mini, me zan ce mata? Ranar da aka ce ya kau harin ƙungiya ya samu iska ba ta tambaye ni ba, wannan ta gane shi. Ta ajiye tuwon da ke hannunta, ba ta ƙara cin abin kirki ba sai da na zauna a kanta kamar mai jinya. Duk Laraba haka muke. Alhamis da Juma'a ina lallashi, Asabar ta fara dawowa, kafin ta miƙe wata Larabar ta zo.

Ummi kuwa da ta ji sunan sai ta saki abin da take wasa da shi ta rugo ta kafa kunne a jikin rediyon. Rannan ta tambayi uwarta me ya sa mutanen cikin akwati suke yi wa Baba faɗa.

Mahaifin Zalika, Malam Sumaila, mutumin kirki ne, manomin shinkafa da albasa. Bayan sadakar arba'in mun zauna da shi, na roƙe shi ya bar mini ita ko ta fita takaba, ta zauna tare da ni har Ummi ta yi wayo, ko har Allah ya kawo mata wani mijin. Ya amince ba tare da ja ba. Ya ce ɗiyarki ce, ni na riga na ba ku. Makon jiya ya hau kabu-kabu ya ƙetaro duba ta. Ya same ta ta rame, wuya ya fito. Bai tambaye ni dalili ba, domin rediyonku yana kaiwa har garinsu, da kunnensa yake jin abin da ake faɗa a kan surukinsa. Ya zauna a zaure, ya ce mini cikin girmamawa, ranar fitar takaba zai dawo, in ya same ta yadda ya bar ta zai tafi da ita. Ya ce can aƙalla babu mai tsayawa a ƙofar gida yana auna mijinta da wani, kuma shi zai iya hana ta rediyo, abin da ni na kasa.

Ban ga laifinsa ba. Ni ma da ɗiyata ce haka zan yi.

Dangin mijina suna ce mini ai ɗiya ta gidan uba ce, in uwar ta tafi in riƙe Ummi. Na san haka al'ada ta ba ni. Ba zan yi ba. Yarinyar da ta rasa uba a bana ba zan raba ta da uwa a bana ba. Saboda haka in Zalika ta ƙetare, da Ummi za ta ƙetare. Ku da kuke birni kuna iya cewa ai nan da can ne. Ku zo ku hau mashin a hanyar nan da damina, da gwiwoyi irin nawa, ku tsaya a shingayen da ake tsayawa, sannan ku faɗa mini ko nan da can ne. Zan riƙa ganin Ummi daga Sallah sai Sallah. Yarinyar nan tafiyarta irin tasa ce, haka take jefa ƙafa. In ta ɗauki lemun tsami ta jefa cikin kwandon wanke-wanke ta ɗaga hannu sama, sai in juya baya don kada ta ga fuskata. Ita kaɗai ya bar mini.

Na biyar. Ana cikin wannan sai na ji kun yi sanarwar shiri na musamman kafin wasan da zai nuna ko ƙungiya za ta shiga fitar da gwani. Na ji an ce za a tsawaita lokaci, za a gayyato Sarkin Jifa da Koci su zauna gaba da gaba, masu sauraro kuma su aiko da saƙo su zaɓa, harin lokacin marigayi ko harin yanzu. Da na ji sai na zauna a bakin murhu. Zaɓe za ku yi a kan gawa? In mutanen Geza suka yi rinjaye sai a ce mutuwarsa ta yi amfani ke nan? In na Bahindi suka yi rinjaye kuma sai me, za ku tono shi ku sa masa riga? Wa ya zauna ya kawo wannan shawara, kuma babu babba ko ɗaya a wurin da ya ce a'a?

Wannan shiri ya faɗo a makon da Zalika za ta cika wata huɗu da kwana goma. Makon da Malam Sumaila zai dawo.

Ku duba fa, abin gardama bai ƙare muku ba. Ga mai horar da ƙungiyar yana nan da ransa, ku tambaye shi me ya sa yara suke gajiya a kashi na ƙarshe. Ga dogon yaron da ba a ba shi ƙwallo. Ga masu jifan nesa, ku ƙirga wanda ya shiga da wanda ya daki ƙarfe. Ga ƙungiyoyin da za a haɗu da su in an tsallake. Duk waɗannan suna da baki, in kun faɗi abin da ba haka ba za su bugo su kare kansu. Nawa ba zai bugo ba. Ni da na bugo a madadinsa kun ga yadda aka yi.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba shi da yawa.

Ku janye wannan zaɓe. Ku yi shirinku na musamman, ku tsawaita shi har isha'i in kuna so, amma a kan 'yan wasan da za su shiga fili.

Malam mai gabatarwa, in mai bugo waya ya ɗauko sunan ɗana don ya doki abokin gardamarsa da shi, ko yabo ne ko zagi, ka tsayar da shi. Na ga ka iya katse waya.

Ku bar yaron da ya gaje shi ya yi wasansa. Ku daina auna shi da wanda ba zai ƙara yin kuskure ba.

Ga Sarkin Jifa da Koci, ban riƙe ku a zuciya ba. Na san son ƙungiya ne ya yi muku yawa. In kuna son ku ambaci ɗana, ku ambace shi cikin addu'a bayan sallah, can ne yake da buƙata.

Sai abu na ƙarshe, wannan ba ƙorafi ba ne. Hirar nan da kuka yi da shi, in tana nan ba ku goge ba, ku sa wani ya tura mana ita a waya. Akwai yara masu zuwa birni kullum daga Bagudo, kowa ya san gidana. In Zalika ta samu muryarsa a hannunta ba za ta ƙara zaman jiran Laraba ba, ina sa rai ta ci abinci, mahaifinta ya zo ya same ta da ɗan kumatu. Ummi ma in ta girma ta ji yadda ubanta yake dariya.

Ban ce ku manta da shi ba. Cewa na yi ku saurara masa har a gama wannan kakar. Ni da na ɗauki cikinsa na riƙe sunan nan a bakina tun ranar da aka raɗa shi har aka binne mai shi, ban sake shi ko sau ɗaya ba, ko ranar da nake kuka a kan gawarsa. Ku makonni kaɗan nake roƙon ku riƙe.

Allah ya ba ƙungiya sa'a ta shiga fitar da gwani, da jifan nesa ne ko da na kusa, domin shi abin da yake so ke nan. Allah ya tsare muku 'ya'yanku, ya sa su ne za su binne ku. Allah ya ƙara wa gidan rediyonku albarka, ya sa ku gama da iyayenku lafiya. Ya jiƙan namu da naku da suka riga mu.

Larabar nan ba zan cire batir ba. Zan shimfiɗa tabarma in zauna kusa da Zalika, mu ji amsarku tare.

Wassalam.

Hauwa'u, uwar mai lamba bakwai,
Bagudo.